Tambaya da Amsa: Yaya Zan Kare Siketbod Mai Batir Daga Ruwa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da allon sulu mai batir, wanda ake kira siketbod, kuma an rubuta IP65 a jikin kwalinsa. Shin hakan yana nufin zan iya hawansa cikin ruwan sama? Idan kuma ya jiƙe, me ya kamata in yi?

Amsa: Barka kadai. Lambar da ka gani ta fito ne daga ma'aunin ƙasa da ƙasa na kayan lantarki mai suna IEC 60529. Adadi na farko yana nuna kariya daga ƙura, na biyu kuma daga ruwa, don haka IP65 na nufin ƙura ba ta shiga, kuma akwatin batir ɗin yana jure feshin ruwa mara ƙarfi. Ba ya nufin a tsoma shi, domin wanda ke jure nutso na mita 1 tsawon minti 30 shi ne IP67. Sai dai ana yin wannan gwaji ne a kan sabon kaya, alhali allon da ake hawa kullum yana lanƙwasawa yana girgiza, har sukurori su saki, robar bakin akwatin batir ta tsufa ta fara tsagewa. Shi ya sa kamfanoni da yawa ba sa sanya ɓarnar ruwa cikin garanti, wanda a ganina ya isa ishara.

Ta wuri uku ruwa ya fi shiga: bakin akwatin, ramukan da wayoyi ke bi zuwa injin, da ramin caji. Ka riƙa duba robar, ka toshe kewayen wayoyin da silikon mara warin tsami, saboda mai tsamin yana cin tagulla, sannan ka shafa giris na lantarki a mahaɗar wayoyi. Ƙwararren mai gyara zai iya shafa wa fanel ɗin, wato farantin lantarkin da ke sarrafa injin, siririn ruwan kariya da ake yi dominsa. Murfin ramin caji kuwa kada ya zauna a buɗe.

Idan ya riga ya jiƙe, babbar ɓarna tana faruwa ne a gida, lokacin da mai shi ya kunna don ya ga ko yana aiki, ko ya jona caji. Ka kashe shi nan take, ka goge, ka buɗe akwatin idan ka iya, ka ajiye shi inda iska ke kaɗawa na kwana biyu ko uku. Kada ka kusantar da shi ga wuta ko iska mai zafi, domin batirin litiyam ba ya son zafi. Ruwan gishiri ya fi muni, tunda yana ci gaba da cin ƙarfe bayan ya bushe. Boris ɗin tayoyi ma suna tsatsa, sai a busar da su a ɗiga musu mai.

Batirin da ya kumbura, ko yake ɗaukar zafi ba a caji, ko yake wani irin wari, a fitar da shi waje nesa da abin da ke kama wuta, a kai wa mai gyara, domin irinsa yana iya tashin gobara kwanaki bayan ruwan ya bushe.