Ga ɗan'uwan da tarin dare ya addaba a masana'antar soso

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, tambayarka ta taɓa ni ƙwarai, domin abin da ka bayyana shi ne ainihin abin da ya raba ni da aikin soso. Ka ce kana aiki a wajen zuba TDI, sinadarin da ake haɗa soso da shi, kwanan nan tari yana tashinka cikin dare, ƙirjinka yana riƙewa har numfashinka yana fito, alhali da rana a bakin aiki ba ka jin komai. Ka kuma tambaya ko takunkumin takarda da ake raba muku ya wadatar, da yadda za ku yi da gangar da ta kumbura a ma'ajiyarku.

Don Allah kada lafiyar da kake ji da rana ta ruɗe ka. Halin sinadaran aisosayanet ke nan, wato dangin sinadaran da ake haɗa soso da wasu fenti da su, ko TDI ne, ko MDI, ko HDI ɗin da ke cikin fentin mota mai haɗi biyu. Mutum ya shaƙa da hantsi, sai bayan sa'o'i da dama hanyoyin numfashinsa su tsuke, galibi bayan ya koma gida ya kwanta, shi ya sa ake ɗora laifin a kan sanyi ko mura. Ka lura da kanka a ranakun hutu. Idan tarin yana lafawa lokacin da ka kwana biyu ba ka je ba, sannan ya dawo da ka koma, to da wuya a ce ba aikin ne ba. Jiki ne yake koyon ƙin sinadarin, kuma idan ya koya ba ya mantawa. Daga nan ɗan abin da ba zai dami na kusa da kai ba ya isa ya shaƙe ka, kuma an samu ma'aikatan da suka rasa rayukansu saboda sun ci gaba da aikin bayan sun kamu.

A lokacin da nawa ya fara, injin zuƙe iska na sashenmu ya daɗe da lalacewa. Na kai kuka wurin shugaban sashen, sai ya tsaya daga bakin ƙofa ya ɗaga hanci sama ya shinshina, ya ce shi bai ji warin komai ba, kuma wanda ya gaji da aiki ya faɗa, akwai masu jira a waje. Daren da abin ya kai makura, na farka na kasa kwanciya, na kasa zama, sai na durƙusa na riƙe ƙarfen taga da hannu biyu. Iska tana shiga da ƙyar, amma fitarta ita ce ta gagara. Maiɗakina tana kwance kusa da ni, ina son in kira sunanta, babu numfashin da zan kira shi da shi, sai ƙafar gado na yi ta bugawa har ta farka. Daga baya ta gaya mini cewa leɓɓana sun sauya launi kafin a isa asibiti. Da na samu sauƙi na koma da takardar likita, mutumin nan bai ko karɓe ta a hannunsa ba. Ya rubuta cewa fashin aiki na yi, aka yanke mini albashi, ya kuma bi abokan aikina yana gaya musu cewa asma ce ta gado na zo da ita. Babu mai asma a gidanmu. Abin da ya fi ƙona mini rai har yau shi ne takardar bayanan haɗarin sinadarin, wadda ta zo tare da gangunan, tana kulle a aljihun teburinsa duk tsawon wannan lokaci, kuma shi kansa bai taɓa kusantar wajen zubi ba sai da takunkumi mai kyau a fuskarsa. Ya san komai. Na bar shi da Allah, amma ban manta ba.

Wannan gwajin hanci da ya yi shi ne babban abin da nake so ka ƙi yarda da shi daga bakin kowa. A Amurka iyakar da doka ta sa wa TDI a iskar wurin aiki ita ce kashi 0.02 cikin miliyan, kuma hancin ɗan Adam ba ya fara jin warinsa sai ya wuce wannan iyaka. Duk ranar da ka ji wari, ko idonka ya fara yaji, to ka riga ka shaƙi abin da ya yi yawa.

Ka je asibiti cikin wannan makon, kada ka jira wani daren. Ka rubuta TDI a takarda ka miƙa wa likita, ka gaya masa sarai irin aikin da kake yi, domin idan tari kawai ka ambata, maganin tari za a ba ka. Ka nemi a yi maka awon huhu. Akwai kuma wata 'yar na'ura da ake hurawa tana nuna ƙarfin fitar numfashi. Idan kana hurawa sau da dama a yini kana rubutawa na 'yan makonni, ranakun aiki da na hutu, bambancin zai fito a fili, kuma hujja ce a hannunka idan aka zo musu. Ana iya gano sinadarin a fitsarin da aka ɗiba a ƙarshen aiki. Idan aka ba ka maganin shaƙa ka riƙe shi a aljihu, amma ka sani yana buɗe ƙirji ne kawai, ba ya hana cutar ci gaba muddin kana shaƙar abin. Wanda ya bar wurin da wuri shi ne ya fi samun damar warkewa. Na san nauyin iyali, na san ba a barin aiki da baki, amma ka roƙi a mayar da kai wani sashe mai nisa da zubi da kuma inda ake jera sabon soso yana hucewa, domin shi ma yana fitar da tururin.

Takunkumin takarda kuwa na ƙura ne, tururi yana ratsa shi kamar yadda ruwa ke bi ta rariya. Ana buƙatar mai gwangwanin tace tururin sinadarai wanda ya zauna daidai a fuska, ana sauya gwangwanin a kan lokaci, ga masu feshi kuma sai wanda ake turo wa iska mai tsabta ta tiyo. Ko shi ɗin ma yana bayan gyaran injin zuƙe iska ne. Kada ka raina fata, domin ta nan ma jiki yana iya kamuwa. Safar hannu ta naitiril ko butil ake sawa, siririyar ta roba irin ta asibiti ba ta tare shi. Idan ya taɓa ka, ka wanke da sabulu da ruwa mai yawa nan take, kada ka goge da tina. Idan a ido ne, ka yi ta kwarara ruwa na aƙalla minti 15 sannan a kai ka asibiti. Kayan aikin ma kada su bi ka gida.

Gangar da ta kumbura ruwa ne ko danshi ya shige ta. Aisosayanet idan ya haɗu da ruwa yana fitar da iskar kabon, ya bar wani farin abu mai tauri, iskar kuma idan ba ta da mafita sai ta yi ta taruwa har ƙarfen ya fashe. Kada kowa ya mirgina ta, ko ya buga ta, ko ya sa hannu ya kwance murfin. A nisantar da mutane, a kare ta daga rana, a kira kamfanin da ya kawo kayan ya turo waɗanda suka san aikin. Ruwa ne ya shiga tankin MIC, wani aisosayanet da ake haɗa maganin ƙwari da shi, a masana'antar Union Carbide da ke Bhopal a Indiya, daren 2 ga Disamba 1984, kimanin tan 40 ya fita, dubban mutane suka mutu, sama da 500,000 suka shaƙa. MIC ya fi namu saurin tashi nesa ba kusa ba, tun da yana tafasa a digiri 39, amma dangi ɗaya ne, kuma rashin jituwarsu da ruwa iri ɗaya ce.

Idan TDI ya zube a ƙasa, a rufe shi da yashi, a zuba ruwan kashe shi, wato ruwa mai ɗauke da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na sodiyam kabonet da ɗan sabulun ruwa, a kwashe cikin mazubi a bar shi a buɗe a waje aƙalla awa 48. Rufe mazubin da wuri shi ke haifar da wata gangar mai kumburi. TDI yana daskarewa a wajen digiri 14, kuma na taɓa ganin an kunna wuta a ƙarƙashin ganga don a narkar da shi, abin da har yanzu idan na tuna jikina yake rawa. A ɗaki mai ɗumi ake narkar da shi a hankali. Gangar da ta ƙare ma ba a yanka ta da wutar walda, ba a kuma ba wa kowa ya zuba ruwa.

Tun 24 ga Agusta 2023, a Tarayyar Turai ba a barin ma'aikaci ya yi aiki da kayan da ke ɗauke da sama da kashi 0.1 cikin ɗari na waɗannan sinadarai sai an horar da shi. Ni kuwa na ga yara sababbin ɗauka ana miƙa musu tiyo a ranar farko, ba a gaya musu ko sunan abin da ke ciki ba. Ka tambayi waɗanda kuke zubi tare ko akwai mai tarin dare, domin da wuya ya zama kai kaɗai ne, kuma ku nemi takardar bayanan sinadarin a rubuce, ku da yawa, yadda ba za a ware mutum ɗaya a ce shi ne rago ba. Allah ya ba ka lafiya. Idan ka dawo daga asibiti ka sanar da mu abin da awon huhun ya nuna.