Yadda ake mayar da inci zuwa maikromita

Malam, tambayarka ita ce inci 0.002 da ka gani a littafin inji maikromita nawa ne. Inci ɗaya milimita 25.4 ne cif, haka aka tsayar tun 1959, milimita ɗaya kuma maikromita 1,000. Sai ka ninka incin sau 25,400: 0.002 × 25,400 = maikromita 50.8.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne "mil" na Amurkawa. Ba milimita ba ne, kashi ɗaya cikin dubu na inci ne, wato maikromita 25.4. Kada kuma ka rage 25.4 zuwa 25, domin a inci 4 kuskuren ya kai maikromita 1,600.

Idan inci 0.002 ɗin nan tazarar da ke tsakanin fistin da silindar injin ce, kai wa ƙwararren makanike mai na'urar awo da ita ma ake kira maikromita ya auna. Rula ba ta iya nuna wannan ƙanƙanta.