Tambayoyinku kan ciki da haihuwa

Tambaya: Likita, cikina wata biyu ne. Ya yi wuri in fara zuwa awo?

Amsa: Bai yi wuri ba, gobe ma ki je. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta je awo aƙalla sau 8, na farko kafin cikin ya wuce wata 3.

Tambaya: Matata haihuwar fari ce, ta tafi goyon ciki gidansu. Mahaifiyarta ta ce a ɗaki za ta haihu, idan naƙuda ta yi tsawo akwai mai kemis da ke yin allurar naƙuda, ungozomarsu kuma ta iya yankan gishiri. Ni kuma ina jin nauyin surukata.

Amsa: Malam, ka tayar min da hankali. Sau da yawa abin da ke sa naƙuda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa shi ne kan jariri ya fi ƙarfin ƙugun uwa, ko ya kwanta a gicciye. Allurar nan ƙara matse mahaifa take yi. Idan hanya a toshe take, sai mahaifar ta fashe, a rasa uwa a rasa ɗa. Mu a asibiti cikin ƙarin ruwa muke sa ta, tana ɗiga a hankali, muna sauraren bugun zuciyar jariri. Mai kemis da me zai saurara?

Yankan gishiri kuwa, don Allah a bari! Reza ba ta buɗe ƙashi. Jini kawai za a zubar, ko a huda mafitsara. Doguwar naƙudar ma kanta, idan kan jariri ya kwana biyu yana danne mafitsara, naman wurin mutuwa yake yi, fitsari ya riƙa zuba ba tsayawa. Irin waɗannan matan ne ake yi wa aiki a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, da yawansu a haihuwar fari abin ya same su.

Ka tura yayarka ko gwaggonka ta yi wa surukar taka magana cikin ladabi: da naƙuda ta fara, a tafi asibiti, ungozomar ma ta raka ta. Ka ajiye kuɗin mota tun yanzu, ka kuma ba da izininka tun yanzu, kada a tsaya jiranka kana kasuwa. Idan ta kama dole ta haihu a gida, naƙudar da ta kai awa 12, zubar jini, jijjiga, ko mabiyiya ta ƙi faɗowa bayan rabin awa, duk na asibiti ne, ko da tsakar dare. Kada a jira gari ya waye.

Tambaya: An ce in shafa wa cibiyar jaririna man goge baki ta yi saurin faɗuwa.

Amsa: A'a, haka ake jawo wa yaro ciwo. Ki nemi man cibiya na kulohezidin a asibiti. Idan wurin ya yi ja ko yana wari, ki kawo shi a ranar.