Saƙar Ulu a Hanyar Kano: Shin In Ɗebi Jarin Atamfa In Zuba Mata?

Tambayar wannan makon ta fito ne daga wata 'yar kasuwa da ke zaune a Kaduna, wadda take zuwa Kantin Kwari a Kano sau ɗaya a mako domin sarin atamfa da leshi. Ta ce tun tana budurwa ta koyi saƙar ulu a wurin gwaggonta, kuma ba ta shiga mota sai da zare da kwarashi a jaka, domin saƙar tana rage mata nisan hanya. A 'yan watannin nan matan da suke zama kusa da ita sun fara tayawa, har ta sayar da saiti uku na kayan jarirai, kowane saiti riga da hula da safa, kowanne a kan naira 6,000, alhali zaren kowanne ya ci naira 3,500, aikin kuma ya ɗauke ta kimanin awa 12. Yanzu tana tambaya ko ta ɗebi naira 150,000 daga jarin atamfa ta sari zare da yawa, daga baya ta ƙara da keken saƙa.

Hajiya, Allah ya sanya albarka a cikin nemanki. Amsata a taƙaice ita ce kada ki taɓa jarin atamfa a yanzu, kuma dalilin yana cikin alƙaluman da kika aiko da kanki.

Idan aka cire naira 3,500 na zare daga 6,000, abin da ya rage miki 2,500 ne, kuma idan aka raba shi a kan awa 12, kowace awa ta kama naira 200 da 'yan kai, ba a ma cire kuɗin maɓalli da na ledar da kika naɗe kayan a ciki ba. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya tun daga shekarar 2024 naira 70,000 ne a wata, wanda idan aka raba shi a kan awa 8 a rana, kwana 22 a wata, zai kama kusan naira 400 a awa. Ke nan kina sayar da aikin hannun da kika shekara da shekaru kina gogewa a kansa a kan rabin abin da doka ta yanka wa ma'aikaci mafi ƙanƙanta. Na san abin da za ki ce, cewa ai lokacin mota ne, da ma a zaune kike, ko kin saƙa ko ba ki saƙa ba motar za ta isa Kano. Wannan gaskiya ne a yau, amma farashin da kika sabar wa mutane da shi ba zai tsaya a cikin mota ba. Ranar da oda ta yi yawa har kika koma saƙa a gida da daddare, ko a shago lokacin da ya kamata ki ji da masu sayen atamfa, wannan farashin ne zai biyo ki, kuma ɗaga farashi bayan an saba da araha ya fi wuya a kan yanka shi daidai tun farko. Bisa wannan lissafi, zare 3,500, ladan aiki 4,800, maɓalli da leda kamar 500, ya kama 8,800 kafin a yi maganar riba. Saboda haka idan an taya ƙasa da naira 10,000, ki ce albarka.

Sai kuma batun yawan abin da za ki iya saƙawa. Tsakanin Kaduna da Kano tafiyar awa uku zuwa huɗu ce ta hanyar Zariya, to idan kina zuwa ki dawo sau huɗu a wata, kina da kimanin awa 28 a zaune a mota. Amma ba dukkansu ne na aiki ba, domin wani lokaci dare yana riskarki a hanyar dawowa, wani lokaci a matse ku har ki rasa inda za ki motsa gwiwar hannu, ga gajiyar yawon kasuwa. Idan kika samu rabinsu kin yi ƙoƙari, wato saiti ɗaya a wata da ɗan ƙari. Zaren naira 150,000 a farashin da kika faɗa ya isa saiti sama da 40, aikin da zai kai ki shekara uku kafin ki ga bayansa, alhali wannan kuɗin idan yana cikin atamfa kina iya juya shi sau da yawa kafin wata ya mutu. Zaren da ya daɗe a ajiye kuma yana shan ƙura, launin da ake yayi bana ba lallai ne a neme shi baɗi ba.

Keken saƙa wata sana'a ce daban, ba ci gaban wadda kike yi ba. Ba ya shiga jakar hannu, yana buƙatar tebur da zama wuri ɗaya da koyo na musamman, kuma da zarar kin fara fitar da rigunan sanyi da shi, kin shiga gasa da kayan kamfani da ake shigowa da su daga Sin da kuma rigunan gwanjo da ake zubewa a bakin titi da hunturu, waɗanda ba za ki taɓa karya farashinsu ba. Ƙarfinki yana wani wurin. Saƙar kwarashi aikin hannu ce da inji bai iya kwaikwayonta yadda take ba, kuma matar da ta taya kayanki a mota ba maganin sanyi kaɗai take nema ba, tana neman abin da za ta kai barka ko suna a ce wannan ba na kanti ba ne, an saƙa shi ne musamman domin wannan jaririn. Wannan ita ce kasuwarki, kuma kasuwa ce ta oda, ba ta tara kaya ba.

Don haka ki yi aiki da kuɗin mai saye. Duk wadda ta ba da oda ta biya kafin alƙalami da zai isa sayen zare, sannan ki rubuta launi da girma da ranar karɓa a ɗan littafi, ki aika mata da saƙon abin da kuka yi a WhatsApp domin kada a samu saɓani daga baya. Ki kula da batun lokaci, domin suna ranar bakwai ake yi, ke kuma saiti ɗaya yana cin miki tafiya uku ko huɗu, saboda haka odar da za ki karɓa ita ce wadda aka bayar tun ana da ciki wata bakwai ko takwas. Wadda ta zo miki bayan an haihu, ki sayar mata da hula da safa kawai idan kina da su a ajiye, kada ki ɗauki alkawarin riga. Kuɗin saƙa kuma ki ware musu jaka ko asusu daban, domin idan suka gauraya da cinikin atamfa ba za ki taɓa sanin ko saƙar tana ciyar da kanta ba ko atamfa ce take ɗauke da ita.

Akwai wani ƙaramin abu da yake jawo asara ga masu saƙa, shi ne sayen zare kaɗan kaɗan. Idan kika duba takardar da aka naɗe dunƙulen zare da ita, sau da yawa za ki ga lambar launi da kuma wata lamba ta rukunin rini. Dunƙule biyu masu launi ɗaya amma rukuninsu daban suna iya bambanta, ba za ki lura ba a cikin rumfa, sai kin gama hannun riga kin fito rana ki ga ɗaya ya fi ɗaya duhu. Ki sayi duk zaren da aiki ɗaya zai ci a lokaci guda, har da ƙarin dunƙule ɗaya. Ki kuma sani cewa mafi yawan abin da ake kira ulu a kasuwanninmu zaren roba ne, ba gashin tumaki ba, yana da sauƙin wanki amma yana riƙe zafi, don haka kasuwarsa daga Nuwamba zuwa Fabrairu take, da kuma tsakiyar damina. Idan bazara ta shigo, ki koma zaren auduga, ki saƙa takalman jarirai da ƙananan jakunkuna.

Game da aikin cikin mota, kwarashi ya fi dacewa da hanya a kan tsinkaye biyu, domin madauki ɗaya ne kawai a rataye a jikinsa, idan direba ya faɗa rami abu ɗaya za ki gyara, amma a tsinkaye layi guda yana iya zamewa gaba ɗaya. Ki bar wa hanya ƙananan abubuwa da sassan da ba su buƙatar ƙidaya, ki bar haɗa riga da ɗinkin maɓalli sai kin dawo gida. Farin zare da ruwan madara kada su fita daga cikin jaka mai zif, ki riƙa jawo zaren ta ɗan ƙaramin buɗi, saboda ƙurar hunturu da maiƙon abincin tasha suna kama farin ulu nan da nan, kuma kayan jariri da aka wanke kafin a sayar ba ya komawa sabo a idon mai saye. Ranar da kika hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu domin kai kaya Abuja, nan ne wurin aikin da yake buƙatar natsuwa, tun da babu rami babu birki.

Abin da nake so ki yi shi ne ki gwada hunturun bana kaɗai da naira 15,000 daga ribarki, ba daga uwar kuɗi ba, ki karɓi oda ɗaya a wata a sabon farashi, ki rubuta awannin da kowane aiki ya ci. Ki kuma bar wani aiki guda a jaka wanda ba na kowa ba ne, na jikarki ko na kanki, domin na ga mata da dama da suka daina jin daɗin saƙa tun ranar da ta koma alkawarin da ake bin su da waya. Idan watan Maris ya kama, ki buɗe littafin ki duba mutum nawa suka biya naira 10,000 ba tare da ja-in-ja ba, da mutum nawa kika mayar saboda rashin lokaci. Idan waɗanda kika mayar sun fi waɗanda kika yi wa aiki yawa, ki sake rubuto mini, mu yi lissafin ɗaukar yarinya ɗaya ko biyu da za ki koya wa, suna saƙa hula da safa a gida kina biyansu a kan kowane guda, ke kuma kina riƙe da riga da duba aiki.