Hoton rada labarin ɗazu ne

Jiya da muka sauka ka ce min, "Malam, tunda allon gabana yana nuna ƙarfin ruwan hadari da ja da rawaya da kore, me zai hana in ratsa ta tsakanin ja biyu in wuce abina?" Muna ta ɗaure jirgi a lokacin, shi ya sa ban tanka ba. To, zauna ka ji.

Ɗana, hoton nan ba jirginka ne ya ɗauke shi ba. Tashoshin rada ne a ƙasa suke leƙa sama, kowacce sai ta ci 'yan mintoci kafin ta gama zagaye. Daga nan a tattara na tashoshi da yawa a ɗinke su hoto guda, kana a turo maka ta tauraron ɗan'adam ko ta tashar ADS-B, wato tashar ƙasa da ke aika wa jirage bayanai. Wannan "minti 5" da ke gefen allo ba ta ƙirga daga sa'ad da rada ta ga ruwan, tsawon lokacin da hoton ya yi da ɗinkawa kawai take faɗa. A 2012 hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta gargaɗi matuƙa cewa wani lokaci abin da ke cikin hoton yakan girmi lambar da minti 15 zuwa 20.

Yi lissafi da kanka. Hadarin da ke tafiyar mil 30 a awa, cikin minti 15 ya matsa mil 7 da rabi. Ƙofar da ka hango a allo ta daɗe da rufewa, kai kuwa kana nufarta da gudun mil 2 kowane minti. Bayan tafiya ma, girma yake yi. Hadari mai tasowa yakan hau sama da ƙafa 3,000 a minti ɗaya, Cessna 172 ɗin da kake koyo da shi kuwa da ƙyar yake yin 700. Wa zai tsere wa wa?

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne rada ɗigon ruwa take gani. Ba ta ganin girgije, ba ta ganin iskar da ke jijjiga jirgi. Hadarin da bai fara zubarwa ba yana iya barin allonka fes, alhali cikinsa iska ce mai cira sama kamar za ta ɓalle fiffike. Na taɓa shiga irinsa ina saurayi, allo ba ko ɗigon kore, sai da kaina ya bugi rufi duk da bel.

Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta ce a ba hadari mai ƙarfi tazarar mil 20 aƙalla. Ke nan in biyu ne, sai akwai mil 40 a tsakaninsu kafin ka yi tunanin ratsawa. Ka ga kan hadarin da ke bajewa kamar uwar maƙera? Kada ka bi ƙarƙashinsa, ƙanƙara na faɗowa daga nan ko da sarari garau ne. Zagaya ta ɓangaren da iska ke fitowa. Gindin hadarin ma ba mafaka ba ne, iskar da ke rikitowa ƙasa tana iya kai ƙafa 6,000 a minti.

Ba cewa na yi ka kashe allon ba. Tun kana da mil 100 a gaba ka riƙa duba hotuna a jere, ka ga ina ya dosa, ƙaruwa yake ko mutuwa, sannan ka zaɓi hanya da filin da za ka sauka in ta ɓaci, ka dubi manka. Na'urar gano walƙiya, irin su Stormscope, nan take take nunawa. Ka yarda da ita a kan shiyya, nisan kuwa kintace ne. In kun matso kusa, ido ne shugaba, gani ya kori ji. Ka tsaya inda kake ganin hadarin ta gilashi. Da dare, ko cikin girgije inda yake ɓuya, ni sauka nake yi in jira.

In ƙaddara ta jefa ka ciki, rage gudu zuwa wanda littafin jirgin ya kayyade don iska mai jijjiga, daidaita fikafikai, kada ka yi kokawa da hawa da sauka.

Gobe in akwai hadari daga nesa za mu tashi. Kai za ka riƙe agogo, ka nuna min inda allo ya ce yake, ni kuma in nuna maka shi ta taga.