Wuƙar feƙe alƙalamin Baba: in kai ta washi, ko in bar ta yadda take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Ƙauran Namoda nake rubutowa. Bayan rasuwar mahaifinmu, da aka buɗe akwatin littattafansa sai muka tarar da wata 'yar wuƙa mai ninkewa a cikin gafaka, kusa da kurtun tawada. A ninke tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba. Ruwa biyu gare ta, babba da ƙarami, mariƙinta kamar na ƙashi. A gindin babban ruwan akwai tauraro da wani abu kamar kuros, sai rubutun boko da tsatsa ta rufe. Yayarmu ta ce da ita Baba yake feƙe wa almajirai alƙalami, kuma shi ma wurin kakanmu ya gada. Abokina ya ce in kai wa mai washi ya goge ta ta yi ƙyalli, wani kuma har ya taya. Yaya zan san shekarunta? In kuma ina son tara irinta, ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Malam, ya sa aljanna ce makomarsa. Kafin komai, don Allah kada ka kai wuƙar nan wurin mai washi. In ma ka riga ka ba da ita, ka je ka karɓo yau.

Na faɗi haka da zafi ne domin ya taɓa cin ni. Farkon shigata wannan harka na sayi wata wuƙa a hannun wani tsoho mai koli, na miƙa wa mai injin washi don ya ɗan share mini tsatsa. Ko minti biyu bai yi ba ya miƙo mini ita tana walƙiya kamar sabon cokali. Da na duba gindin ruwan, sunan maƙerin ya tafi, saura rabin harafi ɗaya. Mutumin bai yi laifi ba, abin da na sa shi ya yi. Amma har yau wuƙar tana wurina, kuma babu mai iya gaya mini inda aka ƙera ta. Ita tsohuwar wuƙa, shekarunta da asalinta da darajarta duk suna zaune ne a ɗan wurin nan da bai kai faɗin farce ba.

Abin da yayarku ta faɗa ya faranta mini rai, domin aikin da aka ƙirƙiri irin wannan wuƙa dominsa ke nan. A da Turawa da gashin fiffiken tsuntsu suke rubutu, bakinsa kuwa yana dakushewa, dole sai an riƙa feƙewa. Shi ya sa ake yi mata ƙaramin ruwa siriri mai kaifi kamar aska, har sunanta a harshensu ma'anarsa wuƙar alƙalami. Tun wajen 1820 zuwa 1830 masana'antun Birmingham suka cika kasuwa da bakin alƙalami na ƙarfe, aikin feƙewa ya mutu a can, suna kawai ya rage. A nan ƙasarmu kuwa malamin allo bai daina yanko kara ba, ya fere shi, ya tsaga bakinsa don ya riƙe tawada. Ka duba ƙaramin ruwan da kyau. Ina kyautata zaton za ka ga ya fi babban cinyewa, cikinsa ya ɗan lotsa daidai inda kara ke gogawa. Wannan lotsawar hannun mahaifinka ce da na kakanka, kada ka bari dutse ya daidaita ta.

Tauraro da kuros da ka kwatanta tambarin gidan Joseph Rodgers and Sons ne na birnin Sheffield a Ingila, garin da ya yi suna a duniya da ƙirar wuƙa. Tambarin tsoho ne ƙwarai: tun 1682 aka fara ba da shi, gidan Rodgers kuma ya yi rajistarsa a 1764. Sai dai kada wannan ya ruɗe ka, ka ce wuƙarka ta shekara ɗari uku. Har gobe ana buga wannan tambari a kan sababbin wuƙaƙe, kuma saboda sunan da gidan ya yi, an daɗe ana yin jabunsa. Wani sai ya rubuta Rogers ya cire harafin d, mai saye da bai iya boko ba ya ɗauka ita ce. Don haka rubutun da tsatsa ta rufe shi ne alƙalinmu.

Ga yadda za ka fito da shi. Ka samo man keken ɗinki, ka ɗiga a kan rubutun da kuma gaɓar da ruwan ke juyawa, ka ajiye ta kwana biyu ko uku. Sannan ka sa tsinken sakace ko ɗan guntun itace mai laushi ka riƙa ɓanɓarar jar tsatsar a hankali, kana sharewa da tsumma. In ba ta fita ba, ka ƙara mai ka ƙara haƙuri. Ban da yashi, ban da toka, ban da soson ƙarfen wanke tukunya, kuma kada ka jiƙa ta a ruwan tsami ko kalanzir, domin za su shiga ƙashin mariƙin. Ka lura, jar tsatsa mai ɓarɓashi ita ce abokiyar gaba, tana cin ƙarfe. Amma baƙi-baƙin nan mai santsi da ke shimfiɗe a jikin ruwan, kamar na tsohuwar fartanya da hannu ya saba da ita, ba cuta ba ne, yana ma kare ƙarfen. Ka bar shi. Idan wurin ya fito, kada ka duba shi da tsakar rana. Ka shiga ɗaki, ka haska fitilar waya daga gefe, inuwa za ta faɗa cikin ramin haruffan ka gan su sarai.

To me za ka nema? Na farko kalmar England. A 1890 Amurka ta yi dokar da ta tilasta a rubuta sunan ƙasar da aka yi kaya a jikin duk abin da za a shigar mata, sai maƙeran Sheffield suka fara ƙara wannan kalma. In ka ga Sheffield kaɗai babu England, akwai alamar ta girmi wannan lokaci, kodayake ba hujja ce yankakkiya ba. Na biyu, hoton kambin sarauta tsakanin haruffa biyu. V da R na nufin zamanin Sarauniya Biktoriya, 1837 zuwa 1901. G da R a kan wuƙa irin taka galibi zamanin Sarki Joji na biyar ne, 1910 zuwa 1936. Na uku, kalmar Stainless. Ƙarfen da ba ya tsatsa a Sheffield ɗin Harry Brearley ya gano shi a 1913, don haka duk wuƙar da ke ɗauke da wannan kalma ba a yi ta kafin wannan shekara ba, kuma mafi yawansu sun zo bayan haka da nisa. Taka da ta yi tsatsa, na tabbata baƙin ƙarfe ce, wanda malaman dauri suka fi so saboda yana ɗaukar kaifi da ɗan dutse kaɗan.

Ban ga wuƙar ba, amma zan faɗi zatona. Jirgin ƙasa ya iso Ƙaura a 1929, kantunan Turawa suka biyo shi suna sayen gyaɗa da auduga, suna sayar da kayan Ingila a Ƙaura da Gusau. In kakanku ya yi ƙuruciyarsa a wancan zamani, ba zan yi mamaki ba in aka ga England da G R a gindinta.

Wanda ya taya kuwa, ka ce masa albarka. Gaskiyar magana, an ƙera irin waɗannan wuƙaƙe da yawan gaske, kuma wadda ta yi aiki har ruwanta ya cinye ba ta tsada a wurin masu tarawa na ƙasashen waje, su sun fi bin wadda ba a taɓa wasawa ba. Kada wani dillali ya kira maka miliyoyi ya ce ka fara biyan kuɗin gwaji. Abin da za a ba ka ba zai kai abin da za ka rasa ba. Ka zauna da yayarku tun tana tuna abubuwa, ka rubuta sunan kakanku, inda ya yi karatu, da yadda wuƙar ta zo hannun Baba, ka ajiye takardar tare da ita.

Batun tarawa, shawarata ka fara da abin da ƙasar nan ta sani. Akwai Okapi, wadda aka fara yi a Solingen ta Jamus a 1902 musamman don kasuwar Afirka, aka mayar da ƙirarta Afirka ta Kudu a 1988. Ka ga ke nan mai ɗauke da sunan Jamus ta girmi mai sunan Afirka ta Kudu. Duk wuƙar da ka ga an rubuta W. Germany kuwa, tsakanin 1949 da 1990 take. In hanya ta kai ka Kebbi, wajen Kamba da garuruwan bakin iyaka, ka sa ido a kan na Faransa da suka bi ta Nijar da Binin: Douk-Douk mai mariƙin fallen ƙarfe da aka fara yi a garin Thiers a 1929, da Opinel mai mariƙin itace da tambarin hannu da kambi, wadda zoben kulle ruwanta sai a 1955 aka ƙara shi. Wadda ni na fi ƙauna ita ce baƙar wuƙar sojan Ingila mai mabuɗin gwangwani, irin wadda tsofaffin sojojinmu na yaƙin Boma suka riƙe. Sau da yawa akan buga mata shekara da wata alama kamar kan kibiya, ba sai ka yi ta lissafi ba. Irin waɗannan a gidaje suke, cikin adakar tsofaffi, wasu kuma suna ƙarewa a buhun 'yan gwangwan, abin da ke ci mini rai ke nan.

In za ka saya, ka buɗe ruwan ka rufe. Lafiyayya za ka ji ta ce ƙas, ta zauna daram. Ka kama tsinin ka girgiza gefe da gefe, in tana lilo gaɓar ta gaji. Ka duba ko ruwan biyu launinsu da tambarinsu sun yi daidai, domin akan cire na wata a dasa. Mariƙin ƙashi yana da 'yan ɗigo-ɗigo baƙaƙe kamar ramin gashi. Wanda aka ce maka hauren giwa ne, ka bar shi inda ka gan shi, tun 1989 aka hana cinikinsa tsakanin ƙasashe. Akwai kuma wata tsohuwar roba mai launi kala-kala da ake kira seluloyid. In ta fara lalacewa tana fitar da iska mai cin ƙarfe, sai ta ɓata duk wuƙar da ke kusa da ita. Alamarta tsatsa a saman ruwan daidai inda ya leƙo daga mariƙi. Irin wannan a ware ta ita kaɗai.

Ajiya a nan sai da lura da yanayi. Damina tana kawo tsatsa, hunturu kuma yana tsaga ƙashi da ƙaho. Ka shafa mai kaɗan a ruwan da shigowar damina da fitarta, ka naɗe kowace a tsumman auduga, kada ka bar ta cikin kube ko jakar fata domin fata na riƙe laima. Wannan ya haɗa da gafakar Baba: a ajiye su kusa da juna, amma wuƙar ta fito daga ciki. Kuma da halin da hanyoyinmu ke ciki, kada ka riƙa yawo da tarin wuƙaƙe a jaka kana wuce shingen bincike, mai son gani ya zo gida.

Idan man ya yi aikinsa, ka kwafo duk abin da ya fito a gindin ruwan biyu, gaba da baya, harafi bayan harafi, ko da wani rabinsa ne ya rage, ka haɗa da hoton da ka ɗauka da hasken gefe ka aiko mini. Da wannan, in sha Allahu, za mu iya gano lokacin da aka ƙera ta, kuskuren ba zai wuce shekara ashirin ko talatin ba.