Kibiyar kwamfutata tana motsi ita kaɗai

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu a Ɓaɓura, Jigawa. Tun da na sa wata manhajar zane ta sata, kibiya ke motsi ba mai taɓa ta, data kuma na ƙarewa da wuri. Mene ne wannan?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Alamun nan sun yi kama da muguwar manhaja mai buɗe ƙofar baya (ɓoyayyiyar hanyar da ɗan kutse ke sarrafa kwamfutarka), irin njRAT ko DarkComet. Tana shigowa ta manhajar sata, filasha ko saƙon imel. Da ta zauna, ita ce ke kiran mai ita ta intanet, shi ya sa katangar tsaro (firewall, mai tace abin da ke shiga kwamfuta ta intanet) ba ta cika tare ta ba. Daga nesa ɗan kutsen yake kallon allonka, ya naɗi duk abin da ka buga, ya kunna kyamara, ya kwashe takardun kwastomomi, kuma wannan ne ya fi damunmu, domin amanar mutane ce.

Katse intanet yanzu. Da wata waya daban ka canza kalmomin sirri na imel da banki. Idan ka canza a kwamfutar, yana gani. Sai ka gudanar da binciken Microsoft Defender Offline, wato manhajar Windows mai farautar muguwar manhaja. Goge fayil ɗaya bai isa ba, tana maƙale kanta cikin abubuwan da ke tashi tare da Windows. Mafi aminci, kwafe takardu da hotuna kawai, ban da fayilolin .exe (fayilolin manhaja), ka goge komai ka sake ɗora Windows. Filashoshin shagon ma a bincike su.